Yadda Ake Zaɓar Pawa Saplai Idan Za a Haɗa Kwamfutar Gem da Kuɗi Kaɗan

Mai haɗa kwamfutar gem da ɗan kuɗi yakan zuba kusan komai a katin hoto da firosesa, abin da ya saura kuma ya sayi pawa saplai. Nan ake yin araha ba ta ado. Wannan akwatin shi ke karɓar wuta daga soket ya mayar da ita 12V da 5V da 3.3V (V na nufin volt, ma'aunin ƙarfin wuta) ya raba wa kowane sashe, kuma mara kyau idan ya tashi mutuwa yakan tafi da madabod (babban allon da ake jona duk kayan a kai) ko katin hoto.

Mataki na farko shi ne lissafin wutar da kayanka za su ci. Firosesa da katin hoto su ne manyan masu cin wuta. Firosesan Core i5-12400F an rubuta masa wat 65, amma idan aiki ya yi zafi yana kai wa 117, don haka da babbar lambar za ka yi lissafi. A katunan hoto, RTX 3060 yana cin 170, RX 6600 yana cin 132, RTX 4060 kuwa 115. Ware wa madabod da RAM da SSD da fankoki kamar wat 60. To, i5-12400F da RTX 3060 sun ba ka kusan 350. Ƙara kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari a kai, ka tashi a wajen 500, sai ka sayi mai 550. Ana barin wannan rata ne saboda katin hoto yakan fizgi wuta sama da ƙa'idarsa na ɗan ƙiftawar ido, kuma idan babu sarari sai kwamfutar ta mutu ana tsakiyar wasa. Mai niyyar canza kati nan gaba ya ɗauki 650. Sayen 850 ga irin wannan haɗi ɓarnar kuɗi ce kawai, ba zai ƙara wa gem gudu ba.

Na biyu, kuma nan ne aka fi cutar mutane: kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Juya pawa saplai ɗin ka karanta takardar da ke manne a gefensa, ka nemi layin +12V. Firosesa da katin hoto duk daga nan suke shan wuta. Ninka adadin amp ɗin da ke ƙarƙashinsa, wato lambar da ke da harafin A, sau 12 don ka samu wat. Mai kyau na wat 550 zai nuna kamar 45A, wato wat 540, kusan duk ƙarfinsa ke nan. Wani kuwa an buga masa 500 da manyan baƙi, amma 12V ɗinsa 25A ne, wato 300 kacal, sauran an cike shi da 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar yanzu ba ta cika buƙata ba. Idan 12V bai kai kusan kashi 90 na jimillar ba, ajiye shi. Haka ma wanda ke da ɗan jan makunni na zaɓar 115 ko 230 a bayansa, tsohon tsari ne. Nemi mai Active PFC, wanda galibi ke karɓar 100 zuwa 240V da kansa.

Na uku, duba kariyar da ke cikinsa a shafin kamfanin da ya ƙera shi. OVP da UVP na yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa, OCP da OPP idan an ja fiye da ƙima, SCP idan wayoyi suka haɗu, OTP idan ya yi zafi fiye da kima. Masu araha sun fi yawan tsallake OTP. Tsawon garanti ma yana nuna yadda kamfani ya yarda da kayansa. Shekara biyar alama ce mai kyau, shekara ɗaya abin shakka.

Tambarin 80 Plus fa? Yana nuna yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi, ba ingancin kayan ciki ba. A rabin lodi, matakinsa na Bronze yana ba da aƙalla kashi 85, na Gold kashi 90. Kwamfutar da ke buƙatar wat 350 za ta ja kusan 412 daga soket da Bronze, 389 da Gold. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Bronze mai nagarta ya ishe ka.

Na huɗu, ƙirga filogi. Kana buƙatar mai fil 24 na madabod, mai fil 8 na firosesa wanda ke rabuwa 4+4, da aƙalla ɗaya mai 6+2 na katin hoto. Biyu sun fi. Na firosesa da na katin suna kama da juna amma jerin wayoyinsu daban ne, kada ka tura ɗaya da ƙarfi a gurbin ɗaya. Mai fil 8 na kati an tsara shi don wat 150, filogin SATA kuwa bai wuce 54 a layin 12V ba. Shi ya sa adaftar da ke mayar da SATA zuwa na kati take narkewa. Idan sai da adafta katinka zai samu wuta, wannan pawa saplai ba naka ba ne.

Sai girma. Na ATX, wato girman da aka saba, faɗinsa milimita 150, tsayinsa 86, tsawonsa galibi 140; ƙaramin kes (akwatin kwamfutar) na iya buƙatar ƙaramin samfuri mai suna SFX. Wanda ake cire wa wayoyi yana rage cunkoso, amma ba dole ba ne. Idan ka saye shi, yi amfani da wayoyin da suka zo da shi kaɗai, domin na wani kamfani na iya shiga daidai ya kuma ƙona SSD nan take.

Wajen ɗaurawa, fankarsa ta kalli ƙasa idan kes ɗin yana da huji a gindi, kuma kada a ajiye shi a kan kafet. Bayan ka kunna, buga gem mai nauyi na awa ɗaya. Idan kwamfutar ta ɗauke ɗif ko ta sake tashi da kanta ba tare da saƙon kuskure ba, fara da matse filogin kati da na firosesa, sannan ka duba zafinsu. Idan duk lafiya kuma abin ya ci gaba, mayar da pawa saplai ɗin tun garanti bai ƙare ba. Kada ka kwance murfinsa: kapasitocin ciki suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket.