Idan Mota Ta Mutu Kana Cikin Shigar Mata: Kurakuran da Aka Fi Yi

Duk namijin da ya taɓa fita cikin shigar mata ya san yadda mota ke zame masa ɗaki na biyu. Gilashi a rufe, ƙofa a kulle, kana cikin mutane amma babu mai isa gare ka. Shi ya sa ranar da inji ya yi tari ya mutu a tsakiyar hanya, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai ba kuɗin gyara ba ne, "yanzu sai na fito" ne. Kuma a ganina mafi yawan kurakuran da ake tafkawa a irin wannan rana daga wannan fargabar suke fitowa. Ita ke sa mutum mai hankali ya aikata abin da ba zai taɓa yi ba da a ce yana cikin wandonsa da rigarsa na kullum.

Kuskure na farko tun a gida ake yin sa. Mutum zai share awa biyu gaban madubi yana daidaita gira da jan baki, amma minti biyar na zagaya mota ya gagare shi. Alhali faci, mutuwar batir da ƙarewar mai, waɗanda ke cikin abubuwan da ke yawan ajiye direbobi a gefen titi, galibi suna ba da sanarwa kafin su zo. Batirin mota yakan yi shekara 3 zuwa 5. Idan naka ya kai nan, ko kuma ka ji inji na jan jiki kafin ya tashi da safe, kai shi a gwada tun kana cikin kayan da ba ka damu kowa ya gan ka da su ba. Taya kuwa shekarunta na rubuce a jikinta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. A ƙasashe da yawa doka ba ta yarda zanen taya ya gaza zurfin milimita 1.6 ba, kuma tayar da ta kusa nan ƙaramin ƙusa ma ya ishe ta.

Sai tayar ajiya, wadda kowa ke zaton tana nan lafiya. Buɗe but ka duba da idonka. Iska na zurarewa daga taya ko ba a taɓa ta ba, don haka wadda ta shekara uku a kwance mai yiwuwa ta zama kwalliya kawai. Idan irin 'yar siririyar nan ce, iskarta ta fi ta sauran tayoyi yawa, yawanci 60 a ma'aunin iskar taya da ake kira psi, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Wasu sababbin motoci ma ba su zuwa da ita sam, sai ɗan famfo da gorar ruwan liƙe faci. Gara ka san wanne kake da shi yau. Batun mai kuma ba ya buƙatar dogon bayani: cika tanki kwana guda kafin fitar.

Kuskuren da ya fi ci wa mutane kuɗi shi ne ci gaba da tuƙi don neman wurin da babu kowa. Jar fitilar baƙin mai ta kama, ko allurar zafin inji ta haye sama, amma saboda wurin akwai jama'a sai mutum ya ce bari na ƙara gaba kaɗan. Injin da baƙin mai ya daina zagayawa a cikinsa cikin ɗan lokaci yake lalacewa gaba ɗaya, gyaran da zai ƙare a kan tiyo ɗaya ya koma sayen inji. Abin takaicin ma, wurin da ka wahala ka kai shi ne mafi haɗari. Lungu mai duhu da babu mai wucewa yana ɓoye ka daga masu kallo, yana kuma ɓoye duk wanda zai cuce ka. Idan har motar na iya motsawa ba tare da illa ba, nufi inda akwai haske, kyamara da mutane masu harkar gabansu, kamar gidan mai ko filin ajiye motoci na babban kanti. Kallon minti biyu ba ya fasa kai. Idan kuma zafi inji ya yi, kada ka kusanci murfin lagireto sai ya huce sosai. Ruwan ciki ya wuce zafin tafasa kuma a matse yake, yana buɗewa zai feso maka a fuska da hannu.

Yanzu ga wanda ke iya ɗaukar rai. Mota ta tsaya a gefen babbar hanya inda ake sheƙa gudu, sai mutum ya kwanta a kujerar baya yana kokawa da zif ɗin riga, ko fitilun gargaɗi bai kunna ba don kada ya jawo ido. Direban tirela da ke tahowa a baya ba ya ganin rigarka, motarka ma da ƙyar yake gani. Jeren abin da za ka yi ba ya canzawa saboda abin da ka sa: gangara gefe iya yadda za ka iya, kunna fitilun nan masu ƙiftawa gaba ɗaya, ja birkin hannu, fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, ka tsaya bayan shingen ƙarfe idan akwai. Dokokin hanya na Ingila sun ce a ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku aƙalla mita 45 a bayan mota, amma sun hana ajiye ta a manyan hanyoyin gudu, domin tafiya a ƙafa don ajiye ta ma kasada ce. A Faransa tun 2008 wajibi ne direba ya riƙe riga mai ƙyalli a mota. Ko ba dole ba ne a inda kake, sayi ɗaya, babba. Tana sa a hango ka daga nesa, sannan duk wanda ya wuce abin da zai gani shi ne mutum cikin rigar ƙyalli kusa da mota, hankalinsa ba zai kai ga abin da ke ƙasanta ba.

Jakar canjin kaya kusan kowa na da ita, sai dai a but ake jefa ta, ma'ana sai ka fito fili kafin ka isa ga abin da ka tanada don kada ka fito fili. Wurinta ƙarƙashin kujerar gaba ne ko bayan kujerar direba. Abin da ke ciki ma akan yi kuskure. Wando matsattse da riga mai maɓallai goma ba su sawuwa a bayan sitiyari. Ka nemi wando mai roba a ƙugu, mai faɗin da zai hau kan abin da ke jikinka, da babbar rigar sanyi mai zif, da hula, da takalmi maras tsini. Takalmin nan ma da shi ya kamata ka riƙa tuƙi tun farko, domin tsini na iya maƙalewa a shimfiɗar ƙasa daidai lokacin da kake neman birki. Mai tsinin ya jira a kujerar gefe har ka isa.

Fuska ita ce mai wuyar. Cire hular gashi da ɗan kunne daƙiƙa goma ne, amma kwalliyar ido irin wadda ruwa ba ya wankewa sai da mai ko ruwan goge kwalliya na musamman, in ba haka ba ka ƙare da baƙin zobe kewaye da ido. Jan baki mai daɗewa ma haka. Farcen roba da aka liƙa da gam mai ƙarfi ba ya fita cikin gaggawa, ka fizge shi ya tafi da fatar farcenka. Idan tafiyar mai nisa ce, zaɓi irin wanda ake mannawa da 'yar takarda mai danƙo, ko kuma ka sa safar hannu ta aiki a jaka, wadda dama za ka buƙace ta wajen taya. Ruwan goge jan farce mai asiton yana kama wuta cikin sauƙi, bai dace ya kwana a motar da ke shan rana ba.

A nan ne nake da ra'ayin da ba kowa zai yarda da shi ba: rabin canji ya fi rashin canji jawo ido. Mutum cikin cikakkiyar shiga, a natse, yana jiran taimako, mutane kan kalle shi su wuce. Wanda ya goge rabin fuska, wando a ƙasa, sarƙa a wuya, yana haki yana waige-waige, shi ne ake tsayawa a kalla. Don haka ka yanke shawara tun a gida, cikin kwanciyar hankali: a wane hali zan tsaya yadda nake, a wane hali zan rufa da babbar riga kawai, a wane hali zan canza gaba ɗaya. Sannan ka gwada canjin a cikin motar tana ajiye, da dare, ka duba agogo. Mai zaton minti uku ne yakan tarar ya haura goma.

Haka canza taya. Kada ranar farko da za ka riƙe sifana ta zama ranar da kake cikin doguwar riga. Gwada sau ɗaya a gida. Ana sassauta notuna tun taya na ƙasa, sannan a ɗaga da jak a daidai gurbin da littafin motar ya nuna, a kan ƙasa mai tauri da ba gangara ba. Wajen ɗaurewa a riƙa tsallakawa daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, a ƙarasa matsewa bayan an sauke motar. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Idan tayoyinka na da noti na hana sata, san inda makullinsa yake, don in babu shi ko bakanike sai ya sha wahala. Akwai kuma abin da ya shafe ka fiye da sauran direbobi: dogon gashi, gyale da hannun riga mai faɗi ba su jituwa da injin da ke aiki, fanka ko bel na iya fizgarsu, kuma fankar wasu motoci na tashi da kanta ko an kashe inji. Zobe da awarwaro na ƙarfe, idan suka haɗa kan batir da jikin mota, nan take suke yin jawur su ƙona fata. Cire su kafin ka buɗe gaban mota. In za a tayar maka da batir daga wata motar, jar waya ta fara kama alamar tarawa (+) a mataccen batir, ɗaya bakin a alamar tarawa ta mai rai, baƙar waya a alamar ɗebewa (-) ta mai rai, bakinta na ƙarshe a wani ƙarfen inji na motarka, nesa da batir.

Wani kuskuren shi ne fita babu wanda ya sani. Na fahimci dalili, sirri ne. Amma a samu mutum ɗaya tak, wanda za ka iya kira ƙarfe ɗayan dare ba sai ka fara da dogon bayani ba. Wayar kuma ta kasance da caji, da ƙaramin batirin caji a jaka, domin cajar mota ba ta da amfani idan batirin motar ne ya mutu. Rubuta lambar masu janwe da ta inshora a takarda. Lambar gaggawa 112 tana aiki a duk ƙasashen Tarayyar Turai da wasu da dama, a Amurka kuma 911.

Lokacin kiran masu janwe, ba da sunan da ke kan takardun motar, ka yi magana da muryar da ta fi maka sauƙi. Idan ka yanke cewa ba za ka canza ba, jimla ɗaya ta wadatar: "Ni ne mai motar, za a same ni cikin kayan mata." Wannan na rage wa wanda zai zo mamaki, kai ma ya rage maka zullumi. Nemi sunan direban da lambar motarsa, ka tura wa amininka. Abin da akan manta shi ne ƙarshen tafiyar: ina za a sauke ka? Idan ƙofar gidanka ce, ga maƙwabta ga fitilar janwe na walƙiya, ka yi tunanin hakan tun kafin a tambaye ka. Kana iya cewa a kai motar gareji, kai kuma ka nemi tasi daga can.

Baƙon da ya tsaya da kansa don taimako, mafi yawa da zuciya ɗaya ya tsaya. Duk da haka sauke gilashi kaɗan kawai, ka gode, ka ce masu gyara na kan hanya. Kada ka shiga motar wanda ba ka sani ba, kuma ba ka bin kowa bashin bayani kan tufafinka. Yawan ba da haƙuri da kame-kame shi ke buɗe ƙofar tambayoyi.

Da ɗan sanda kuwa, babban kuskure shi ne ƙarya. Hoton lasisi bai yi kama da fuskar da yake gani ba, sai mutum ya rikice ya ba da sunan mace. Ba da sunan bogi ga jami'i laifi ne a wurare da yawa, har inda shigar kanta ba laifi ba ce. Kunna fitilar cikin mota, ɗora hannuwa kan sitiyari, miƙa takardu, ka ce kai ne a hoton. Kada ya iso ya tarar kana lalube a ƙarƙashin kujera kana neman jaka, domin shi bai san wando kake nema ba. Sai dai wannan shawarar na tafiya ne da sanin dokar wurin, don ƙasashe sun sha bamban ƙwarai. Akwai inda babu ruwan hukuma da tufafinka, akwai inda ake kama mutum a kai. Dokar ma tana sauyawa: Kuwait ta haramta kwaikwayon shigar ɗaya jinsin a 2007, kotun tsarin mulkinta ta soke wannan tanadi a Fabrairun 2022. Idan wurin da za ka ratsa na hukunta shigar, to lissafin da na yi a baya kan tsayawa yadda kake bai shafe shi ba. Can canji cikin sauri, ko fasa tuƙin a haka gaba ɗaya, shi ne abin dubawa.

Jakar kuma ba a haɗa ta sau ɗaya a manta. Ƙyallen goge fuska mai jiƙe yana bushewa a zafin mota ya koma takarda, batirin tocila na mutuwa, wandon da ya dace da kai bara mai yiwuwa bana ya ƙi hawa. Duk ranar da za ka auna iskar taya, zazzage jakar a kan kujera ka duba ta ɗaya bayan ɗaya.