Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Buɗewa da Adana Fayil ɗin da Aka Turo ta Imel

Buɗe fayil daban, adana shi daban, kuma a nan mafi yawan sababbin masu kwamfuta ke tuntuɓe. Idan ka danna takardar da aka maƙala a saƙon Gmail, leƙa ta kawai ka yi. Tana nan a intanet, ba ta sauko cikin na'urarka ba. Ɗalibin da ya duba takardar shigarsa makaranta da daddare a Kawo, gari ya waye yana layin tantancewa a Tudun Wada ba data, zai nemi takarda ya rasa. Kai linzami kan fayil ɗin, za ka ga kibiya mai kallon ƙasa, ita za ka danna. Alamar da ke gefenta ta Google Drive ce, ita ma a intanet take ajiye maka.

An sauke kuma sai a rasa inda ya shiga, a yi ta dannawa, har suna ɗaya ya fito sau huɗu da lambobi a ƙarshensa. Bai ɓata ba, yana foldar Downloads. A Chrome ko Edge, danna Ctrl da J tare, jerin abin da ka sauke zai fito. A wayar Android, duba manhajar Files. Daga nan ka mai da shi foldar Documents, ka ba shi sunan da za ka gane bayan wata shida. "Scan0007" ba suna ba ne.

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne na cike fom. An turo maka fom ɗin neman aiki na Word, ka buɗe, ya ƙi karɓar rubutu. Ba lalacewa ya yi ba. Word na kulle duk takardar da ta zo daga intanet, za ka ga ɗan layi ruwan ɗorawa a sama da maɓallin "Enable Editing". Idan ka san wanda ya turo, danna shi. Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, yi "Save As" ka zaɓi folda da kanka, domin wasu manhajojin imel, irin su Outlook, suna buɗe fayil ne a wata folda ta wucin gadi da ke wuyar ganowa. Ka riƙa danna Ctrl da S kana cikin aiki, musamman a kwamfutar tebur, inda ɗaukewar wuta ke tafiya da duk abin da ba a adana ba. Sannan ka lura sosai: gyaran da ka yi bai taɓa kwafin da ke cikin imel ba. Wanda ya danna "Forward" fom ɗin da ba a cike ba ne ya mayar. Danna "Reply", sannan alamar kilif, ka ɗauko wanda ka cike.

Idan fayil ya ƙi buɗewa, dubi ƙarshen sunansa. Mai .pdf burauza ma tana buɗe shi; .docx na buƙatar Word, WPS Office ko Google Docs. Mai .zip ƙunshi ne: danna shi da hannun dama na linzami, ka zaɓi "Extract All". Mai .crdownload bai gama sauka ba; in sabis ne ya yanke, sai a sake.

Windows na ɓoye waɗannan haruffan ƙarshe, kuma 'yan damfara sun san haka. Fayil mai suna albashi.pdf.exe zai bayyana a matsayin albashi.pdf, alhali manhaja ce mai iya cutar da kwamfuta. Buɗe File Explorer, shiga "View", ka kunna "File name extensions" (a Windows 11 yana ƙarƙashin "Show"). Kada ka danna "Enable Content" a takardar da ba ka jira ba, shi ne ke ba ɓoyayyun umarni damar aiki. Duk takardar da ta ce sai ka rubuta kalmar sirrin imel ɗinka kafin ta buɗe, rufe ta. Ko da sunan yayanka ne a kai, kira shi ka tambaya, domin ana sace asusun mutum a aika saƙo da sunansa.

Gmail ba ya maƙala abin da ya wuce megabait 25. Sai ya mai da shi mahaɗin Google Drive. In an turo maka irin wannan mahaɗi ya ce ba ka da izini, mai turowa ne kaɗai zai iya ba ka. Saƙon da ya faɗa Spam kuwa, bayan kwana 30 ake share shi tare da fayil ɗinsa.

Masu zuwa shagon buga takardu, ko a titin Ahmadu Bello ko a bakin ƙofar Jami'ar Jihar Kaduna (KASU), rufe burauza ba fita daga imel ba ne. Danna hotonka a kusurwar dama ta sama, ka zaɓi "Sign out". Sannan shiga Downloads, zaɓi takardunka, musamman masu lambar NIN ko bayanan banki, ka danna Shift da Delete tare, don kada su tsaya a Recycle Bin inda na bayanka zai iya dawo da su.