Yadda Ake Rubuta Bayanan Halittu a Dausayin Dagona Lokacin Kaka

Da farko, nemi izinin ma'aikatan gandun Dagona da ke Jihar Yobe. Fita da sassafe a watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da tsuntsayen Turai suke sauka, ka rubuta kwanan wata da wurin duk abin da ka gani.

Idan ka tarar da laimar kwaɗi, ɗauki hoton samanta da ƙarƙashinta da abin da ta tsiro a kai, amma kada ka ɗanɗana, domin wasu suna kisa.

A bakin tafki, ɗebi ruwa a farin kwano, wanda ya fi bayyana talibambam da katantanwa, ka ƙirga su, sannan ka mayar da su inda ka ɗebo. Kada ka shiga ruwan, saboda tsargiya. Daga nan sai ka ɗora hotunan a iNaturalist, wato dandalin intanet da ake tara hotuna da bayanan halittu.