Kurakuran da masu neman takardar shaidar Agile ke yi a Saudiyya, da yadda za a gyara su

Tun da aka ƙaddamar da shirin Vision 2030 a 2016, ma'aikatun gwamnati da bankuna da kamfanonin sadarwa na Saudiyya suka duƙufa wajen mayar da harkokinsu cikin waya. Duk mazaunin ƙasar nan ya san ba a raba shi da Absher, mai zuwa Umra kuma ya san Nusuk. Kowace manhaja da mutanen da ke gina ta, kuma da yawansu da tsarin Agile suke aiki, wato a raba aiki gajeru-gajeru, a riƙa nuna wa mai shi, ana gyara tun kafin a yi nisa. Shi ya sa matasanmu a Riyad da Jidda da Dammam, har da 'ya'yan gidajen da suka daɗe a Makka da Madina, suka tashi haiƙan neman takardar shaida. Neman ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne kuɗin gumi da ke zubewa a banza saboda ana fara biya kafin a fara tambaya.

Babban kuskure, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne ɗaukar cewa takardar Agile guda ɗaya ce. Ba hukuma ɗaya ke bayar da ita ba. Agile ɗin ma takaitaccen bayani ne da mutum 17 suka rubuta a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka a watan Fabrairun 2001, mai ƙa'idoji 12, kuma ba su kafa wata hukumar jarrabawa ba. Daga baya ne ƙungiyoyi suka fito, kowacce da tata. Scrum Alliance na bayar da CSM, takardar shaidar Scrum Master, wato mai taimaka wa ƙungiya ta bi Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin aiki da Agile: dole sai ka zauna kwas na awa 16 a gaban malamin da ita ta amince da shi, sannan ka amsa tambayoyi 50, ka ci 37 aƙalla. Kuma bayan shekara biyu sai ka sabunta, da kuɗi da shaidar ƙarin karatu. Scrum.org, wadda Ken Schwaber, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Scrum, ya kafa a 2009, na bayar da PSM I, ita ma ta Scrum Master: ba ruwanta da ko ka je aji ko ba ka je ba, ka biya kuɗin jarrabawa kawai, idan ka ci ta zama taka har abada. PMI kuwa, ƙungiyar masu sana'ar kula da ayyuka, ita ke da PMP ta manajan aiki da PMI-ACP ta Agile, waɗanda ke neman shaidar cewa ka taɓa yin aikin da hannunka. Akwai kuma SAFe, na manyan kamfanoni masu ƙungiyoyi da yawa, da ake sabuntawa duk shekara.

Gyaran mai sauƙi ne amma mutane ba sa yi. Kafin ka fitar da riyal ɗaya, buɗe LinkedIn ka karanta tallan aiki kamar ashirin na irin kujerar da kake so, a garin da kake, ka ga wace takarda ke ta maimaituwa. Mai neman shiga kamfanin gine-gine ko na kwangilar gwamnati zai ga PMP ce sarauniya a wurinsu. Mai neman shiga ƙaramin kamfanin manhaja zai fi cin karo da PSM ko CSM. Ɗalibin da bai taɓa aiki ba, shawarata ya fara da PSM I, don ita ce mafi araha kuma ba ta tsufa. Sayen SAFe ga wanda bai taɓa zama cikin ƙungiyar Scrum ko ɗaya ba, sayen sirdi ne tun ba a ga doki ba.

Daga nan sai maganar wurin karatu, kuma a nan aka fi cutar mutane. Talla ce za ta shigo zauren WhatsApp: kwana uku, rangwame na musamman, "takarda ta duniya". Na ga wani matashi a Jidda ya zaro irin wannan takarda daga cikin jakarsa, an buga ta a kan kwali mai sheƙi da zanen zinare a gefe, da hatimi har biyu. Da aka duba ƙasanta, abin da aka rubuta da ƙananan haruffa shi ne shaidar halarta. Ma'ana cibiyar ta shaida ya zo ya zauna, shi ke nan. Babu sunansa a rajistar kowace ƙungiya, kuma ma'aikacin ɗaukar aiki rajistar yake dubawa. Scrum.org da Scrum Alliance da PMI duk suna da shafin da ake neman sunan mutum a gani. Don haka tambayoyi uku kafin biya: sunan wace ƙungiya zai fito a takardar, shin kuɗin jarrabawarsu na cikin abin da zan biya, kuma sunan malamin na cikin jerin malamansu? Idan cibiyar a cikin Saudiyya take, ka nemi ganin lasisinta daga hukumar horar da sana'o'i ta TVTC. Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan, ka riƙe kuɗinka.

Wani abin da ke ba ni mamaki, mutum zai kwashe makonni yana kallon bidiyo a YouTube, ya haddace tambayoyin da aka ce sun taɓa fitowa, amma bai taɓa karanta Scrum Guide, littafin ƙa'idojin Scrum, ba. Shafi 13 ne kacal, kyauta, Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta, har da fassarar Larabci. Daga cikinsa ake ciro jarrabawar Scrum. Matsalar tsofaffin tambayoyin da ke yawo ita ce da yawansu an gina su kan bugun da ya gabata, alhali an sake fasalin littafin a Nuwamban 2020. Misali, tambayoyi ukun nan da aka saba yi a taron safe, me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare ka, an cire su. Wanda ya haddace tsohon zance zai zaɓi amsar da ta riga ta mutu. Ga shi kuma wasu amsoshin da ake rabawa kuskure ne tun asali, wani ne ya yi hasashe ya saka.

Karanta littafin da kanka sau da yawa, a natse, kana tambayar dalili. Me ya sa zangon aiki, wanda suke kira Sprint, ba ya wuce wata ɗaya? Me ya sa taron kullum minti 15 ne, kuma na masu gina manhajar ne, ba wurin kai wa shugaba rahoto ba? Me ya sa Product Owner, wato mai tsara abin da za a fara ginawa, shi kaɗai ke da ikon soke zango? Idan ka gane dalilan, ko an murɗa tambaya za ka gane ta. Larabcin zai taimaka wa wanda ya tashi a makarantun nan wajen fahimta, amma a koma kan na Turancin, tunda da kalmominsa za a tambaye ka. Sannan a lura da agogo: PSM I tambaya 80 ce cikin minti 60, daƙiƙa 45 ke nan kowacce, kuma sai ka ci kashi 85 cikin ɗari, wato 68. Mai shirin buɗe littafi yana dubawa lokacin jarrabawa, lokaci zai ƙare masa tun bai kai rabi ba. Scrum.org na da gwajin kyauta mai suna Scrum Open. Ka yi ta yinsa har ka daina faɗuwa ko tambaya ɗaya kafin ka sayi ta gaske.

Masu ba wani kuɗi ya rubuta musu kuwa, ha'inci ne, kuma asiri na tonuwa a minti biyar na farkon intabiyu.

Intabiyun ma shi ne inda kuskure na gaba ke fitowa, na masu takarda ba aiki. Kwana biyu a aji ba ya mayar da mutum jagoran ƙungiya. Za a ce maka: manaja ya shigo tsakiyar zango ya ce a ajiye komai a yi masa wani sabon abu, ya za ka yi? Ko a ce: ɗaya daga cikin masu rubuta manhaja ya daina magana a taro, me za ka fara dubawa? Ba a haddace amsar irin waɗannan. Wanda ya fahimci aikin zai ce a mayar da buƙatar manajan wurin Product Owner, a auna ta da burin zangon, a nuna wa manajan abin da za a rasa idan an karkata. Wanda ya ɗauka Scrum Master ogan ƙungiya ne mai raba aiki zai ce shi zai yanke hukunci, a nan kuma ya faɗi. Ba sai ka jira an ɗauke ka aiki ba kafin ka samu gogewa. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku ɗauki abu na gaske, ko da shafin intanet ne na shagon kawunka ko manhajar lissafin adashin unguwa. Ku buɗe allo a manhajar tsara aiki kamar Trello ko Jira, ku yi zango na mako biyu-biyu, ku nuna wa mai shagon abin da kuka gama, ku zauna ku faɗa wa juna gaskiya kan abin da ya lalace. Bayan zango biyar ko shida za ka samu labarin da za ka bayar da bakinka. Za ka kuma koyi abin da babu shi a littafi, kamar yadda ake rage nauyin zango a watan azumi, tunda dokar ƙwadago ta mayar da aikin Musulmi awa shida a rana, ko yadda ake sa ranar nuna aiki idan makonku Lahadi zuwa Alhamis ne, abokan aikin da ke Turai kuma nasu Litinin zuwa Juma'a.

Akwai kuma abin da ya shafi mu baƙi musamman. Wasu na jin labarin cewa asusun Hadaf, na gwamnati mai tallafa wa horar da ma'aikata, na mayar wa mutum kuɗin jarrabawa idan ya ci, sai su ci bashi da wannan lissafi. Tallafin na 'yan ƙasa ne, mai iƙama daga aljihunsa zai biya. Haka nan tun ƙarshen 2023 aka sa sana'ar kula da ayyuka cikin waɗanda kamfanoni masu zaman kansu za su ware wa 'yan ƙasa wani kaso, don haka kujera mai sunan manajan aiki ta ƙara wuya ga baƙo. Hanyar da ta fi ɓullewa ita ce ka riƙe wata ƙwarewa ta hannu, rubuta manhaja ko gwada ta ko nazarin bayanai, takardar Agile ta zo a matsayin ƙari a kai. Ka kuma duba sana'ar da ke rubuce a iƙamarka tun da wuri, ka tambayi kamfanin ko za su iya canza ta zuwa wadda ta dace da kujerar kafin ka sa hannu a kwantiragi.

Mai CSM ko PMP kuma ya rubuta ranar ƙarewar takardarsa a kalandar waya. Ta PMP shekara uku ce, ana neman awa 60 na ƙarin karatu kafin a sabunta, kuma tarukan reshen PMI na Saudiyya na shiga cikin lissafin, sai dai ka riƙa shigar da su a shafinka kana tafe.