Yadda za ka kai yaro lakwal a keke

Tun da maƙwabta a unguwar Bukoki ta Yamai suka ga ina kai ɗiyata lakwal a keke, kullum sai an tare ni da tambaya. Ga yadda nake yi, kowa ya huta.

1. Matsa tayoyi da yatsa. In sun yi laushi, mai faci ya buga iska.
2. Gwada birki, gaba da baya.
3. Girgiza kujerar yaron da ƙarfi, ka tabbata ba ta motsi.
4. Rufe gefen tayar baya da roba mai kauri. Hattara! Nan ne ƙafar yaro ke faɗawa cikin wayoyin taya, kuma diddige ke shan wahala. Na taɓa yin ganganci sau ɗaya. Har yau uwar ɗiyar ba ta bar yi mini gori ba.
5. Sa masa takalmi rufaffe, ban da silifa.
6. Ɗaura masa hular kwano daidai kansa.
7. Jakarsa da gorar ruwa su shiga kwandon gaba.
8. Riƙe keken sosai, sannan ka ɗora shi ka ɗaure bel. Kada ka saki keken ko da an kira ka.
9. Fita kafin ƙarfe 7:30, tun hanyar kasuwar Katako ba ta cushe ba.
10. A kan kwalta, bi hannun dama.
11. Lungu mai yashi kuwa, sauka ka tura. Ba abin kunya ba ne.
12. Riƙa jan shi da hira, don iskar safe na sa gyangyaɗi.
13. In kun isa, sauke shi tukuna, sannan ka jingine keken.