Shawara ga masu shirin jarrabawar BEPC (ta kammala ƙaramar sakandare) da BAC (ta kammala babbar sakandare)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jarrabawa ta matso, kuma na ga yara a unguwannin Birni da Zango suna kwana ƙarƙashin fitilar titi da kaye (littafin rubutu) a hannu, ana ta kurɓar shayi har asuba. Abin yana damuna ƙwarai.

Tun a wajajen 1880 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan karatu, daga baya sai ta lafa, kuma maimaici da tazara ya fi cushe komai a zama ɗaya. Malaman tsangaya sun daɗe a kan wannan hanya. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam da ka, kuma bayan sabon karatu akwai tishin na baya.

To, ku gwada haka. Darasin da aka yi yau, a duba shi yau da dare, sai gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Amma kada a tsaya ga bin layi da ido. A rufe kayen, a faɗa da baki ko a rubuta a ƙasa da tsinke, sannan a buɗe a ga inda aka ci tuntuɓe. Ƙanwata tana biya wa innarmu tarihi tana tankaɗe, ko da Inna ba ta jin Faransanci.

Iyaye, don Allah ku bar su su yi barci. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa abin da aka koya da rana.