Babi na 6: Yadda ake duba naman kaza na daji

Darasi na 1: Sassan jikinsa

Iyayena mata da 'yan uwana maza, kowa ya ɗora yatsa a kan layin farko, za mu tafi a hankali, wanda bai gama harhaɗa kalma ba za mu jira shi, ba tsere muke ba. Da ruwa ya kankama wajen watan Afrilu za ku fara ganin naman kaza a kasuwar Kejetia ta Kumasi da bakin titin Kumasi zuwa Accra, haka ma a ƙaramar damina ta Satumba da Oktoba, kuma na san a cikinku akwai masu saro shi su sayar, akwai masu zuwa gona wajen Ejisu su ɗebo, shi ya sa muka saka wannan babi.

Naman kaza ba ganye ba ne, ba ciyawa ba ce. Ba ya buƙatar rana don ya yi abinci, ruɓaɓɓen itace da ganye yake ci, wani kuma yana manne da saiwar bishiya mai rai suna taimakon juna. Danginsa su ne funfunar da ke fitowa a kan burodi da kuma yis na kwaɓin fulawa. Ainihin jikinsa wani farin zare ne siriri da ya saƙa cikin ƙasa ko cikin itace, yana nan duk shekara ba a ganinsa. Abin da muke tsinka kamar ɗan mangwaro ne, bishiyar tana can ɓoye. Iya bayanin ke nan, sauran aikin hannu ne.

Ku ɗauki fensir ku zana shi a littafi, kada wani ya ce bai iya zane ba, ko yaya ya fito ya yi. Na sama mai faɗi mu kira shi hula. Ku juya hular, akwai siraran layuka a jere daga tsakiya zuwa baki, mu kira su haƙarƙari. Abin da ya ɗauki hular shi ne ƙafa. Wani yana da zobe a wuyan ƙafar, wata fata ce siririya da ta zagaye ta, wani ba shi da shi. Can ƙasa kuma, inda ƙafar ta shiga ƙasa, shi ne gindi. A rubuta: hula, haƙarƙari, ƙafa, zobe, gindi. Gindi a ja masa layi biyu a ƙarƙashi.

Darasi na 2: Tono gindi

Wannan darasin shi ne babin gaba ɗaya, in kun manta komai kada ku manta shi. Naman kazan da ba ka sani ba, ba a yanke shi, ba a fizge shi, tono shi ake yi. Na sake faɗa, tonowa ake yi. Ki ɗauki tsohon cokali ko wuƙa, ki soka a ƙasa nesa da ƙafar kamar faɗin yatsu uku, ki zagaye shi, sannan ki ɗago shi da ƙasar duka, sai ki karkaɗe ƙasar a hankali da yatsa. In kin ji ƙas, ya karye, gindin ya zauna a ƙasa, wannan ya tashi daga aiki, ki nemi wani. Ba komai, kowa da haka ya fara, hannu ne bai saba ba.

Me ya sa nake ta nanatawa? Saboda wasu suna da wata 'yar jaka a gindi, fata ce da ta lulluɓe shi tun yana ƙarami, da ya girma sai ya fasa ta ya fito ita kuma ta zauna a ƙasa ta rungume gindin. In ka fizga, jakar tana can cikin ƙasa, kai kuma ka taho gida da ƙafa sumul kana cewa ai ba shi da jaka. Alhali yana da ita. Kuma dangin da ya fi kisa a duniya, wanda masana ke kira Amanita, masu kisan cikinsu da wannan jakar ake fara gane su.

Yanzu ku saurara da kyau don nan ne ake rikicewa. Domo da muke ci, wanda ke fitowa a ruɓaɓɓen kututturen kwakwar manja bayan an kayar da ita an ɗebi bammi, shi ma yana da jaka. To kun ga jaka kaɗai ba ta ce guba ba, ba ta kuma ce a ci ba, cewa take a tsaya a ƙara dubawa. Domo ba shi da zobe, haƙarƙarinsa in ya girma yana komawa ruwan hoda, kuma a kan ruɓaɓɓen abu yake fitowa. Mai kisan yana da jaka, yawanci da zobe, haƙarƙarinsa fari ne har ya tsufa, kuma daga ƙasa yake fitowa kusa da bishiya mai rai. Matsalar ita ce tun suna ƙanana a dunƙule cikin jaka kusan kamarsu ɗaya, don domo ma haƙarƙarinsa fari ne a lokacin. Mutanen Asiya da suka saba cin irin domon nan a ƙasashensu, da suka koma Amurka da Ostareliya sun tsinci mai kisan suna zaton shi ne, wasu hanta ta lalace wasu suka rasu, kuma mutane ne da suka taso suna cin naman kaza tun suna yara. Don haka dunƙulallen da bai buɗe ba, in ba kai ka ciro shi daga jikin kututturen kwakwa da hannunka ba, ka bar shi.

Na suri kuma, wanda ke fitowa a gidan gara ko kusa da shi, gindinsa daban ne. Ba jaka, sai wata doguwar jela da ta yi ƙasa tana sirancewa har ta kai cikin ɗakin gara, domin garar ce ke noma shi a can ciki, tana kai masa tattaunannen itace da ciyawa shi kuma yana zama mata abinci, ikon Allah, shi ya sa har yau ba a noma irinsa a leda yadda ake noma wasu. Tsakiyar hularsa yawanci akwai ɗan tsini mai tauri, da shi ya huda ƙasa ya fito. In ka yanke shi a sama ta ina za ka ga jelar? Ba za ka gani ba. Sai ka tono.

Mu maimaita tare da ƙarfi: cokali, nesa da ƙafa yatsu uku, zagaye, ɗagowa da ƙasa, karkaɗewa. A sake. A rubuta shi sau biyar a littafi, yau rubutun ma ya samu.

Kuma dan Allah, dan Annabi, a daina kawo min guntaye. An yi wannan bayani, an zana a allo, amma aka zo aji da leda cike da huluna babu gindi ko ɗaya, wata Hajiya ma har ta wanke su tas ta fere ƙafar wai don kada ta kawo wa malam datti. Hajiya na gode da ladabi amma dattin nake so. Wani babban mutum da jikoki kuma ya ce shi tun yana yaro yake fizga bai mutu ba. Baba, Allah ya ƙara nisan kwana, amma wanda ka saba da shi ne kake fizga, ranar da baƙo ya shiga kwandon fa? Haba jama'a, abu ne na minti ɗaya. A tono shi duka.

In an tono, a nannaɗe kowane iri daban a takarda, tsohuwar jarida ta isa. Ban da leda, leda na sa shi gumi ya narke kafin a iso gida. Kar a haɗa wanda aka sani da wanda ba a sani ba a kwando ɗaya. Sannan a rubuta a kan takardar inda aka same shi: a suri, a kututture, a ciyawa, ko a gindin bishiya. Mai waya ya ɗauki hoto kafin ya tono, da bayan ya tono, gindin ya fito a hoton.

Darasi na 3: Ƙurar iri a takarda

Tsakanin haƙarƙarin nan akwai wata ƙura da ido ba ya ganin ƙwayarta ɗaya, ita ce irinsa, iska ke kwasarta. Launinta na taimakawa sosai. A samo wanda ya buɗe sosai, bayan an gama duba gindi, na ce bayan an gama, sai a yanke ƙafar daf da hula. A kifa hular a kan takarda, haƙarƙari na kallon ƙasa. Kifawa na ce, wato bakin a ƙasa, tudun a sama. Rabin takardar ya zama fari rabi baƙi, ko a shafa gawayi a rabin, don farar ƙura ba ta fitowa a farar takarda. A rufe da kofi a bar shi ya kwana inda yara da kaji ba za su kai ba. Da safe a ɗaga a hankali.

Domo zai bar ruwan hoda mai ɗan duhu. Amanita fari. In kuka ga kore-kore, wannan shi ne babban farin nan mai ɗigon ruwan ƙasa a hula da zobe a wuya, wanda ke fitowa a filin ƙwallo da ciyawar makaranta, wani lokaci a jere a zagaye. Kyakkyawa ne a ido, amma amai da gudawa yake sawa mai tsanani cikin awa kaɗan, a ja wa yara kunne. Wanda aka fizge ba gindi ko an yi masa wannan gwaji rabin aiki aka yi.

Darasi na 4: Maganganun da ba gaskiya ba

Wai in an sa cokalin azurfa a tukunya ya yi baƙi to guba ne, in bai yi ba a ci. Ƙarya ne. Wai in katantanwa ko tsutsa ta ci mutum ma zai iya ci. Cikinka ba irin nata ba ne. Wai dahuwa sosai na kashe dafin. Na masu kisan ba ya mutuwa ko an tafasa ko an soya ko an shanya. Hoton da waya ta ce maka iri kaza ne shi ma ba hujja ba ne. Wannan littafin ma bai ba kowa izinin cin sabon iri ba, sai wanda ya san shi tun da daɗewa a wannan yankin ya riƙe shi a hannu da gindinsa ya tabbatar.

Darasi na 5: In an riga an ci

Asibiti, nan take, ba sai an ga alama ba. Mai kisan yakan yi shiru awa 6 zuwa 24 kafin ciwon ciki da amai su fara, daga baya mutum ya ji kamar ya warke alhali hanta ce ke lalacewa. Shan manja ko madara ba magani ba ne. A tafi asibiti mafi kusa ko babban asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, a tafi da ragowar naman kazan ko ragowar miyar, a faɗa wa likita ƙarfe nawa aka ci da su wa suka ci.

Darasi na 6: Na leda

Wanda duk wannan ya yi masa yawa ya sayi farin nan da ake nomawa a ledar garin katako, ana samunsa a kasuwa ko da rani.

Aikin gida: kowa ya kawo guda ɗaya ranar Asabar, a takarda, da rubutun inda aka same shi. Wanda ya zo da shi ba gindi zai koma ya sake tonowa.